Daƙiƙa Takwas

Hawa na sha ɗaya, birnin Cebu, ƙarfe biyun dare.
Ruwan sama na dukan gilashi,
ni kuma, Liwayway 'yar gidan Dumalagan,
ina zaune gaban allo kamar mai gadin mashigi,
duk abin da duniya ta zubar ta gabana yake bi.

Maɓalli biyu aka ba ni.
Wannan ya ce bari, wancan ya ce goge.
Daƙiƙa takwas ga kowane hoto,
alhali alƙali mai furfura
sai ya yi wata yana juya shari'a ɗaya.

Na goge mai tallar maganin ƙarya.
Na goge wanda ya baza adireshin tsohuwar budurwarsa
ya ce wa 'yan iska ga ƙofa nan.
Ko ɗar ban ji ba.
Na kurɓi kofin da ya huce,
na ce madalla, yau wata za ta runtsa.

Sai ga bidiyo, da gani hannu na rawa aka ɗauka:
masunci a bakin gaɓa, jini a goshi,
masu kaki na farfasa masa kwalekwale.
Ƙanwarsa ta ɗora, ta rubuta a ƙasa:
“Ku gani, kada gobe a ce ba a yi ba.”
Littafin ofis ya ce jini ba ya zama.
Ƙirjina ya ce wannan shaida ce.
In na goge, na zuba wa mai kulki ruwan wanke hannu.
In na bari, ɗan shekara tara
zai ci karo da shi kafin ya karya kumallo.
Biyar. Huɗu. Uku.
Na lulluɓe shi da mayafin gargaɗi,
na tura wa manya a sama,
waɗanda ban taɓa jin ko tarinsu ba.
Har yau ban san inda ya kwana ba.

Da asuba motar haya mai ado ta sauke ni.
Dalisay na barci, shekararta sha huɗu,
waya na kyaftawa ƙarƙashin matashi.
Na san lambar sirrinta:
ranar da karenmu ya mutu.
Na kuma san abin da ke yawo cikin dare,
don a kan ganinsa ake biyana.

Na ɗauka.
Yatsana ya tsaya a lamba ta uku.

Uwata ta taɓa buɗe wasiƙata da tururin tukunya,
ta mayar, ta liƙe, ta ɗauka ban gane ba.
Don tsaro ta yi, na sani.
Shekara goma ban ƙara faɗa mata komai ba
in ban da farashin shinkafa.
Wanda ya toshe taga don tsoron ɓarawo,
da me zai yi numfashi?

Na mayar da wayar inda take.
Na soya shinkafar jiya da tafarnuwa,
na gasa busasshen kifi har maƙwabta suka shaida.
Ta fito tana murza ido. Na ce, “Lafiya dai a can ciki?”

Ta daɗe tana wasa da cokali.
“Akwai wani, wai shekararsa sha biyar,
ya ce in turo hoto, kuma kada in gaya wa kowa.
Na toshe shi tun Talata, na kai ƙara.
Mama, ya zo teburinki?”

Ban sani ba, 'yata.
Mu dubu ne, kuma ba a nuna mana sunan mai ƙara.

Ta turo min wayar a buɗe, da hannunta.
Na karanta abin da ta nuna min kawai.
Kifin ya ɗan ƙone ta gefe,
muka cinye shi haka nan.